Dattijon Ruga Ya Biya Tun Tuni, Don Me Za A Sake Karɓar Saniyarsa A Gadon Ajali?



Akwai wata magana da ta taso daga ƙasashen Turawa, wadda yanzu muka fara jin ta a bakin wasu 'yan bokonmu masu lissafin kasafin kuɗi. Wai kuɗin da ake kashewa wajen jinyar tsofaffi a ƙarshen rayuwarsu ya yi yawa, wai asara ce, tunda ko an yi ko ba a yi ba mutumin tafiya zai yi, saboda haka gara a juya kuɗin ga yara da masu jini a jika. Tushen maganar Amurka ne. Can gwamnati tana da wani shiri mai suna Medicare tun 1965, wanda ke biya wa mutanen da suka kai shekara 65 kuɗin asibiti, kuma masu bincike sun gano cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shirin yana tafiya ne a kan waɗanda ke cikin shekararsu ta ƙarshe a duniya. To, su Amurkawa suna da abin yin gardama a kai, domin baitulmalinsu ne ke biya. Amma duk wanda ya ɗauko wannan gardama ya kawo ta Dungu ko Savelugu ko Gushegu, sai mu tambaye shi: wai shin a nan wace gwamnati ce ta taɓa yin almubazzaranci a kan tsohon makiyayi? Idan dattijon ruga ya kwanta ciwon ajali, mai biya sananne ne. Saniya ce.

Abin da muke son faɗa a wannan fili shi ne, dattijon nan ya riga ya biya kuɗin jinyarsa tun yana da ƙarfinsa. Amma ga shi ana sake karɓa daga hannun iyalinsa, a ranar da ba su da bakin yin ciniki, sa'an nan kuma abin da ake ba su a madadin dukiyar tasu sau da yawa ba shi ne majinyacin ke bukata ba.

Bari mu ɗan waiwaya baya, domin manyanmu sun ga yadda abin ya faro. Bayan samun mulkin kai a 1957, zamanin Kwame Nkrumah, magani kyauta ne a asibitocin gwamnati. A 1971 aka kafa dokar biyan kuɗin asibiti, a 1985 aka tsananta ta, zuwa 1992 kuwa aka shiga tsarin nan da kowa ya sani da kash-an-kari, wato ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. A 1997 gwamnatin Rawlings ta ce an yafe wa tsofaffi masu shekara 70, da yara ƙanana, da mata masu juna biyu, amma kuɗin da za a mayar wa asibitoci bai riƙa zuwa kan kari ba, sai yafiyar ta zama ta takarda. Daga nan a 2003, zamanin Kufuor, aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, aka kuma sabunta dokarta a 2012. Ba mu raina wannan ci gaba ba. Wanda ya ga zamanin da ake barin mutum a bakin ƙofa don ba shi da ko sisi, ya san katin inshora ni'ima ne. Sai dai a tambayi inda kuɗin katin ke fitowa.

Mafi yawan kuɗin NHIS daga haraji yake fitowa, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka. Wannan haraji ba ya tambayar ƙabila, ba ya tambayar takardar haihuwa. Makiyayin da ya sayi babur ya biya. Wanda ya sayi kwanon rufi da siminti ya biya. Katin waya, da sabulu, da batir, da atamfar da aka kai wa amarya, duk an cire rabon inshora a ciki. Shekara ashirin ke nan da ɗoriya dattijon ruga yana zuba wannan kuɗi ba tare da an ba shi rasit da sunansa ba. Ban da wannan ga kuɗin shiga kara, ga kuɗin takardar likitan dabbobi, ga na majalisar gunduma a kan kowane kai da aka ɗora a mota, ga abin da ake kai wa masu ƙasa don a sami wurin zama. Naman da ake ci a Kumasi da Akra, wa ya yi kiwonsa cikin rana da ruwa da ƙudan tsando? Saboda haka idan muka ce a kula da tsohonmu, ba bara muke yi ba. Ajiyarmu muke nema.

Dokar 2012 ma tana tare da mu. Ta yi maganar mazauna ƙasar Gana ne gaba ɗaya, ba ta ce sai ɗan ƙasa kaɗai ba. Ta kuma yafe wa mai shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara-shekara. To, a nan ne gizo ke saƙa. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki yana da shekara 60, kuma idan yana karɓar fansho daga asusun SSNIT an yafe masa kuɗin inshora tun daga ranar. Manufar ƙasa game da tsofaffi ta 2010 ta ce tsufa daga 60 yake farawa. Tallafin LEAP da aka fara a 2008 yana duba tsofaffi marasa galihu daga 65. A watan Yuni na 2024, da hukumar inshora ta tashi fara biyan kuɗin wankin ƙoda, waɗanda ta fara ɗaukar wa nauyi gaba ɗaya su ne yara da masu shekara 60 zuwa sama. Ashe gwamnati ta san inda tsufa ke farawa. Don me sai mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana taka sayyada a bayan shanu ne za a ce ya jira 70, a ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai 70 ɗin ba? Wanda ya zauna a ofis ƙarƙashin fanka ya tsufa a 60, wanda ya kwana a daji kuma yaro ne har sai ya ƙara goma?

Ko wanda ya kai 70 ɗin, da me zai nuna? An haife shi a mashekari, ba wanda ya rubuta. Shi lissafinsa da abubuwan da suka faru yake yi: shekarar da Busia ya kori baƙi, wato 1969, ko farin 1973, ko gobarar daji da yunwar 1983. Yaron da ya riga ya fara bin garke yana ɗan shekara 14 a 1969 ya cika 70 a 2025. Amma sai ya je gaban magatakarda, a dube shi a ƙiyasta masa shekaru yadda aka ga dama, ko kuma a ji sunansa da harshensa a ce ya kawo shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Ƙungiyoyin Fulani irin su Tabital Pulaaku sun daɗe suna kuka a kan yadda ake hana waɗanda aka haifa a ƙasar nan, su da iyayensu, katin ɗan ƙasa. Yanzu kuma da ake haɗa katin inshora da wannan kati, wanda aka tare a ƙofar farko an tare shi a ta biyu. Mutanen da suka ga korar shanu ta 1988 da ta 1999 ba sa gaggawar kai kansu ofishin hukuma. Wannan tsoro ba su suka ƙirƙire shi ba.

Yanzu mu zo ga lissafin ciwon ƙarshe, wanda kowane gida a cikinmu ya san shi. Dattijo ya yi shekaru da hawan jini ko ciwon suga ko wahalar fitsari, ba a taɓa auna shi ba. Rana ɗaya ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. A nemo babur mai ƙafa uku daga ruga zuwa bakin titi, a nemo mota zuwa asibitin gunduma, daga can a ce sai Tamale. Idan babu kati, kome sai da kuɗi. Idan an yi sabon kati a ranar, sau da yawa ba ya fara aiki nan take, sai an jira. Idan ma akwai katin, ga hoton ƙwaƙwalwa, ga gwajin da za a ce a je waje a yi, ga maganin da za a rubuta a ce babu shi a nan, domin shekara da shekaru asibitoci suna kukan hukumar inshora ba ta biyan su bashinsu da wuri. Ga abincin masu jinya mutum biyu ko uku da suka bar gida suna kwana a baranda. Ga neman masu ba da jini. Akwai kuma abubuwan da tun asali aka cire daga cikin inshorar, kamar yawancin nau'o'in ciwon daji na manya ban da na nono da na bakin mahaifa, da aikin zuciya da na ƙwaƙwalwa idan ba hatsari ne ya jawo su ba, da kuɗin ɗakin ajiye gawa.

Duk wannan daga ina? Ran farko a sayar da tumaki. Ran na uku a kama sa. Kafin mako biyu an kai ga karsana da saniya mai ciki, wato an fara cin iri. Kuma kowa a kara ya san fuskar mai jinya. Dabbar da aka kawo da gaggawa, musamman a ƙarshen rani lokacin da ƙashin haƙarƙari ke ƙirguwa, ba ta yin kuɗinta. Wannan ma ga mai shanun kansa ke nan. Da yawa daga cikin makiyayan ƙasar Dagomba shanun da ke hannunsu na wasu ne, na sarakuna da 'yan kasuwa da ma'aikata, su ladarsu nono ce da ɗan filin noma. Mutumin gari ya hango garke ya ce ai Bafulatani mai kuɗi ne, a caje shi da kyau, alhali kuwa ko wutsiya ɗaya ba tasa ba ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙarshe dattijo ya cika a kan gadon da bai sani ba, cikin mutanen da ba sa jin harshensa, a biya mota ta mayar da gawa, marayu su gaji bashi da turke babu dabba.

To, ga inda muka yarda da masu lissafi, ga kuma inda muka rabu. Gaskiya ne akwai asara a cikin wannan kuɗi. Amma asarar ta zo ne daga kashe shi a makare, a wuri mai nisa, daga aljihun wanda ya fi kowa rauni. Ƙwayar hawan jini ta wata guda ba ta kai kuɗin kaza ba, kuma tana cikin abin da inshora ke biya. Rashin ta ne ke cinye shanu biyar a mako biyu. Wanda ya ce maganin wannan asara shi ne a rage kula da tsofaffi, ya ga ɗaki na yoyo ne ya ce a cire jinkar.

Mu da ke Dungu muna ganin abin da idonmu. A nan Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa, wato UDS, wadda aka kafa a 1992, take da mazauninta, a nan ake koyar da likitoci da ma'aikatan jinya. Ta gaban ƙofarta manyan motocin shanu ke wucewa zuwa Buipe da Kumasi, wasu har kasuwar Tulaku da ke Ashaiman. Hanyar da naman ke bi zuwa kudu, ita likitoci da yawa ke bi bayan sun gama karatu, domin an daɗe da sanin cewa mafi yawan likitocin ƙasar nan a Akra da Kumasi suke. Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, shi ke ɗauke da manyan cututtuka na jihohin arewa biyar. A watan Afrilu na 2025 likitocinsa da kansu suka janye aiki na wasu kwanaki, kuma cikin abin da suka nema har da ruwa da wuta da iskar shaƙa da na'urorin taimaka wa numfashi. Injin gasa ciwon daji kuwa, har zuwa 2024 a Akra da Kumasi kaɗai ake samunsa. Tsohon da ke fama da ciwon daji a Karaga sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, shi da mai riƙe shi. Wannan ce ɓarnar da aka yi a kan tsofaffin arewa?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa mana ba. Idan ciwo ya kai inda likita ya san ba ya warkewa, aikin likita bai ƙare ba. Akwai wani fanni na jinya da aikinsa shi ne kashe raɗaɗi, da sauƙaƙa numfashi, da wanke gyambon kwanciya, da sauya robar fitsari, da koya wa iyali yadda za su juya majinyaci, duk a cikin ɗakinsa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wannan aiki wajibi ne a kan kowace ƙasa. Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Yuganda wata likita mai suna Anne Merriman ta fara shi a 1993 da ruwan maganin mofin mai araha wanda ake sha da baki. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, gwamnati kuma tana bayar da shi kyauta. Wani babban bincike na 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na irin wannan magani. Abin takaici, a titunan Tamale yaro zai sami tiramol ya bugu ba tare da takardar kowa ba, amma tsohon da ciwon daji ke ci ya kwana yana nishi a ruga babu abin da zai sanyaya masa.

Kada kuma a ce arewa ba ta iya ba. Tsarin kai ma'aikaciyar jinya cikin ƙauye ta zauna tare da jama'a, wanda ake kira CHPS, a Navrongo aka gwada shi tun 1994 kafin ƙasa duka ta ɗauka. Marigayi Dakta David Abdulai ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu a 1991, ya yi ta duba matalauta da masu taɓin hankali da waɗanda danginsu suka yar, kyauta, har ya rasu a 2016. Idan mutum ɗaya ya yi wannan shekara 25, me zai hana hukuma mai karɓar haraji?

Kuɗin ma yanzu ba a ce babu ba. Dokar 2017 da ta riƙa yanke wani kaso na harajin inshora ana kai shi wasu ayyuka, an cire ta daga kan inshorar a 2025. A shekarar kuma aka kafa asusun MahamaCares don manyan cututtuka irin su ciwon daji da ƙoda da zuciya. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, alkawarin da a yawancin shekaru ba a cika shi ba. Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna so wakilanmu a majalisa da hukumar inshora su ji.

Na farko, a sauko da yafiyar kuɗin inshora daga 70 zuwa 60, kamar yadda aka yi wa 'yan fansho. Na biyu, a kawo masu rajista cikin kara ranar kasuwa, a Tamale da Gushegu da Buipe, tare da tafinta mai jin Fulatanci da Hausa, a kuma karɓi shaidar Sarkin Fulani ko limami a kan shekarun dattijo. Na uku, a sa jinyar gida ta mai ciwon ajali cikin abin da inshora ke biya, a horar da ma'aikatan CHPS a kanta, a samar da ruwan mofin a asibitocin gunduma ƙarƙashin kulawa. Na huɗu, jami'ar da ke Dungu, wadda ta saba tura ɗalibanta ƙauyuka kowace shekara su zauna da jama'a, ta riƙa tura wasu ruga da abin awon jini da na suga. Na biyar, kada sabon asusun nan ya zama na masu takarda da masu hanya a Akra, a buɗe masa tebur a Tamale da wanda zai cika wa marar karatu fom.

Sai kuma tsakaninmu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya ku 'yan'uwa makiyaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya yi musu kati tun suna kan ƙafafunsu, ya kuma riƙa sabunta shi, tunda tun 2018 ana yin haka ta waya da lambar *929#. Kun san watan allurar shanu ba ku mantawa, to ku sa awon jinin Baffa da Inna a wannan watan. Idan an kai ga asibiti, babban ɗa ya sami likita a keɓe ya tambaye shi ƙarara: wannan aikin warkarwa zai yi, ko ƙarin kwana ne a kan gado? Idan an ce a wuce Kumasi, a tambayi abin da za a samu a can. Sa'an nan a tambayi mai ciwon kansa muddin yana cikin hankalinsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana yanke shawarar inda garke zai yi rani, bai kamata a riƙa ɗaukarsa kamar kaya ba. Idan ya ce a nema masa magani, a nema iyakar ƙarfi, ko da za a sayar da bijimin garke. Idan kuma likita ya ce an kai iyaka, shi ma ya ce a mayar da shi cikin jikokinsa inda zai ji kukan shanunsa a kuma lakƙana masa kalmar shahada, to a karɓo masa maganin raɗaɗi a kai shi gida. Wannan ba rowa ba ce, kuma kada tsoron bakin mutane ya sa a ƙarar da gadon marayu a kan abin da mai ciwon bai nema ba.

Ku kuma fatake da dillalai, Alhazan kara, muna roƙonku da girman Allah. Idan kun ga yaro ya jawo karsana da rana tsaka ido ja, kun san daga inda ya fito. Ku saya a kan kuɗinta. Ribar da aka ci a kan mai jinya ba ta yin albarka. Kuma me zai hana kowace kara ta kafa asusu, a riƙa cire ɗan wani abu daga la'adar kowane kai, a damƙa wa amintattu uku da littafi a buɗe, don a ranta wa mai jinya ya biya bayan damina sa'ad da dabbarsa ta yi ƙiba? Masu shanun da ke ba da kiwo su ma su sani, mutumin da ya tsufa a bayan dukiyarsu yana da hakki a kansu, ko ba kome su biya masa kati shi da iyalinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu cewa an kashe da yawa a kan tsofaffi, muna gayyatarsu su zo kara ranar kasuwa, su tsaya su ƙirga dabbobin da aka kawo saboda takardar asibiti. Idan sun gama ƙirga sai mu zauna mu yi lissafin tare. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.